Amfilifayar da Ta Ƙi Talabijin Mai Tabarau

Jiya wani daga cikinku ya tsaya a bakin shagona a nan Gwandu, ya nuna baƙar amfilifayar da ke saman kantar shagon, ya ce wai me nake yi da gawa, abin da ko waƙa ba a iya tura masa daga salula. Sauran suka kwashe da dariya. Shi ne dai yaron da ya ce min bara ya koyi haɗa sauti a cikin salularsa yana kwance a kan katifa. Ban tanka ba, don wanda ya koyi sana'a da babban yatsa ba a yi masa bayani a tsaye. Amma tunda dariyar ta yi yawa, bari in faɗa muku. Saboda amfilifayar nan na zubar da sunana a Kalgo, na zama abin nuni, kuma da bakina na yi, ina sane.

Ni a hannun Malam Sahabi mai rediyo na koyi aiki, a wata rumfa kusa da kasuwar Gwandu. Ƙarfen dalmarmu a gawayi muke gasa shi, mitarmu mai allura ce da sai ka ɗan buge ta take motsi, sukundireba kuwa da kanmu muke wasa bakinta a dutse. Na daɗe ina shara da tsince ƙusoshi kafin ya bar ni in buɗe bayan rediyo. Ku yanzu kuna sayen jaka cike da kayan aiki masu ƙyalli, rabinsu ba ku san sunansu ba, kuna ratayawa a kafaɗa kamar likitoci.

Wata rana wani manomi ya zo daga Ceberu da rediyonsa, ya ce muryarta ta dushe. Na buɗe, na auna, na shinshina, ban ga komai ba. Na kunna ta, tana ƙara har mai nama na gefe yana waigowa. Na buɗe baki zan ce lafiyarta ƙalau, sai Malam Sahabi ya take min ƙafa. Ya karɓi rediyon, ya girgiza kai, ya ce lallai sifikarta ta gaji, ya cire ta ya sa babba. Mutumin ya tafi yana murna. Da ya yi nisa Malam ya ce min, "Kunnenai na ya hwara mutuwa, ba rediyo ba. Kai wa ya aike ka ka hwaɗa mai cikin kasuwa?" Daga ranar na san ana duba mai kaya kafin a duba kaya. Wannan ba ya cikin salula, ku bincika ku gani.

Na yi rediyo, na yi kaset, na yi bidiyo mai ɗaukar kaset kamar bulo, na yi tauraron ɗan Adam har rana ta ƙone min ƙeya a saman rufin mutane. Da manyan gidaje suka fara son sauti irin na silima, sifika gaba, sifika baya, da wata ƙatuwa a ƙasa mai girgiza ciki, ni ake kira daga Gwandu har Kalgo. In aka ce Mamman mai rediyo ya haɗa, ba a sake tambaya.

Amfilifayar nan ni na haɗa ta da hannuna a falon wani dattijo a Kalgo. Zan kira shi Alhaji Ummaru, ba sunansa ba ne. Fataucin shinkafa yake yi, yana da gona wajen Dalijan, kuma daga aikin hajji ya riƙo amfilifayar, ya rungumo ta kamar jariri. Da ita yake jin karatu da wa'azi da kiɗan mutanen da, kuma ba mai taɓa ta sai ni. Ko matarsa Hajiya in za ta share ƙura, daga nesa take kaɗa tsumma. Abu na biyu da Alhaji yake so a duniya shi ne tsohuwar a-kori-kurarsa. Kullum da safe shi yake tuƙa kansa zuwa gona, ya zagaya, ya yi faɗa da 'yan aiki, ya dawo da laka a ƙafa yana jin daɗi.

Akwai dalilin da ya sa yake riƙe makullin motar nan a aljihun ciki. Kun san yadda 'ya'yan zamani suke kashe uba da ladabi. Da zarar sun ga ya yi tuntuɓe sai su taru, su durƙusa, su ce, "Baba ka huta hakanan, mun ɗauke maka." Su karɓi makulli, su karɓi gona, su shimfiɗa masa tabarma a zaure, su riƙa kawo masa shayi. Haka aka yi wa yayansa Alhaji Bello da idonsa ya fara rauni. Mutumin da ke cika kasuwa da murya, aka zaunar da shi yana korar ƙuda har ya rasu. Alhaji Ummaru ya ga wannan da idonsa, kuma ya sha ce min shi gara a ɗauke shi daga gona zuwa kushewa.

To, a shekarun da aka fara harkar jami'a a Kalgo, gari ya cika da baƙi masu son kayan zamani, sai ga wani sabon hauka ya shigo, wai shi tiri-di. Talabijin ne da sai ka sa tabarau kake kallo, hoto ya riƙa fitowa daga gilashi kamar zai taɓa ka. Babban ɗan Alhaji, Nasiru, yana aiki a Abuja. Ya zo hutun Sallah da ƙaton akwati a bayan mota: talabijin, da na'urar kunna faifai, da tabarau cikin kwali. Ya ce ranar Sallah za a tara dangi da maƙwabta a falo, Baba ya zauna a gaba, shi zai fara sa tabarau. Yaron kirki ne, son ubansa yake yi. Sai dai irin son da ba ya tambaya.

Nasiru ya haɗa da kansa, tunda ai abu ne mai sauƙi. Ya ɗauki wayar nan mai faffaɗan baki da ke ɗaukar hoto da sauti tare, ya zura daga na'urar faifai zuwa amfilifaya, ya zura wata daga amfilifaya zuwa talabijin. Fim na yau da kullum ya fito tas. Da ya sa faifan tiri-di, sai gilashi ya yi baƙi ƙirin. Ya cire, ya hura, ya mayar, ya zagi mai shagon Abuja. Alhaji ya ce a bar masa kaya hakanan, a kira Mamman.

Na zo da hantsi. Nasiru ya yi min bayani mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci, sannan ya ce zai je Birnin Kebbi gaida surukansa, kafin ya dawo in san abin yi. Aka bar ni da Alhaji a falo, janareto na ta ruri a tsakar gida.

Matsalar ba wata babba ba ce ga wanda ya san abin da ke bi ta cikin waya. Amfilifayar an ƙera ta ne kafin a san tiri-di. Hoton tiri-di hoto biyu ne a goye, ɗaya na idon dama, ɗaya na hagu, tabarau ne ke raba wa kowane ido nasa. In wannan kaya mai goyo ya iso ƙofar amfilifaya, ba ta san shi ba, sai ta ƙi ba shi hanya. Dabarar ita ce kada hoto ya bi ta cikinta sam. Na ɗauki faffaɗar wayar na kai ta kai tsaye daga na'urar faifai zuwa talabijin. Sauti kuwa na ba shi tasa hanyar: na zaro wata siririyar waya daga jakata, wadda muke kira wayar haske saboda jan hasken da ke bakinta, na haɗa na'urar faifai da amfilifaya. Hoto ya bi ta gabas, sauti ya bi ta yamma, suka haɗu a falo.

Na sa tabarau na kunna. Fim ɗin kifaye ne a ƙarƙashin teku. Wallahi sai da na kauce. Wani ƙaton kifi ya taso daga gilashi ya nufo hancina, ruwa na ƙugi a sifikun baya, ni da furfurata na ɗaga hannu ina karewa. Alhaji ya yi dariya har da tari. Na cire na miƙa masa, na ce, "Alhaji, sa ka ga ikon Allah."

Ya sa. Ya kafa wa gilashi ido. Kifin nan ya sake tasowa, Alhaji ko gezau.

"Mamman," ya ce, "ina abin da ka kauce ma? Ni kihi nika gani cikin akwati kamar kullum. Duhu ɗai yaƙ ƙaru."

Na ce ƙila batirin tabaran ne. Na canja masa wani, na gwada shi a idona tukuna, yana aiki. Ya sa, ya ce duk ɗaya. Na matsar da kujerarsa tsakiya, na ja labule, na kashe fitila. Duk ɗaya. Yaro irinku da nan zai fara zagin kamfani, ko ya ce tsoho ne bai waye ba. Ni sai na ji kamar Malam Sahabi ya take min ƙafa daga kabari. Na mayar da tabarau a fuskata, na rufe idon hagu da tafin hannu. Nan take kifin ya koma cikin akwati, hoto ya kwanta, duhu ya ƙaru. Abin da Alhaji ya faɗa, shi na gani.

Na zagaya ta hagunsa, na miƙa masa rimot daidai kafaɗa, kusa da kunci. Hannuna ya daɗe a nan. Bai karɓa ba, bai ma san da shi ba. Sai da na yi gyaran murya ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya ga rimot, ya ga fuskata. Idon lafiya lau a kallo, fari tas, yana motsi tare da ɗan'uwansa. Amma ba kowa a ciki.

Ya cire tabaran a hankali ya ajiye a cinya.

"Ka gane ke nan," ya ce.

Na ce, "Ni ban gane komai ba, Alhaji."

"Bar wanga zance. Ya kwana biyu da mutuwa. Ko Hajiya ban hwaɗa ma ba." Ya dafa aljihun da makulli yake. "Ran Salla za su aje ni gaba, kowa shi kauce, ni ina zaune kamar turmi. Nasiru ba wawa ba na, shi ya karanta takardar abin. In sun ka gane, tabarmar Bello na nan ba a yar ba."

Na ce to ya riƙa kaucewa in ya ga mutane sun kauce. Ya harare ni da idon mai gani, ya ce shi bai tsufa don ya yi wasan kwaikwayo a gaban jikokinsa ba, kuma yara za su tambaye shi me ya gani, ya ce musu me? In kuma ya ƙi sa tabaran ba dalili, wannan ma tambaya zai jawo. Dalili yake nema, wanda ba a jikinsa yake ba.

Na dubi amfilifaya. Dalili ga shi nan zaune, baƙi, mai nauyi, kuma ya riga ya nuna halinsa a gaban Nasiru.

Kafin in taɓa komai na ce masa sharaɗina ɗaya: ya daina tuƙi in rana ta yi sanyi, kuma zan ɗaura masa babban madubi a gefen hagu. Ya ce ya ji. Sai na warware aikina da hannuna. Na mayar da faffaɗar waya ta cikin amfilifaya yadda Nasiru ya yi, gilashi ya koma baƙi. Ina cikin zare wayar haske na ji ƙarar mota a ƙofar gida. Na fizge bakinta ɗaya daga na'urar faifai, na naɗe ta na cusa a bayan amfilifaya, ɗayan bakin yana maƙale a raminsa.

Nasiru ya shigo yana murmushi. "Baba Mamman, an dace?"

Na ce, "Ba ya yiwuwa. Wagga amfilifaya da wanga talabijin ba su zama wuri guda. Sai dai a hid da ita."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce a hanya ya duba a salula, an ce ana iya kai hoto kai tsaye, sauti ya bi ta wata waya daban. Gaskiya ya faɗa, tsantsarta, abin da na gama yi ke nan. Na daure fuska na ce wannan zancen Turawa ne, wutarmu ba irin tasu ba ce, in aka yi haka amfilifaya za ta ƙone. Ban taɓa faɗin maganar banza irin wannan ba tunda na fara sana'a, har bakina ya yi ɗaci. Nasiru ya yi wata dariya da har yau ina jin ta. Ya ce, "To ai shi ke nan, a cire ta, in sayo wa Baba sabuwa." Ya miƙa hannu zai jawo ta.

Nan Alhaji ya tashi. Ban san ya iya wasan kwaikwayon da ya ce bai iya ba. Ya daka tsawa har Hajiya ta leƙo. Ya ce abin da ya ɗauko daga ƙasa mai tsarki ba mai fitar masa da shi saboda akwatin kifi. Ya ce duk abin da ya raina amfilifayarsa ya raina shi, kuma ya rantse ba zai sa tabaran nan a fuskarsa ba, a kwashe a kai wa yara can cikin gida. Nasiru ya durƙusa yana ba da haƙuri. Aka kwashe. Ranar Sallah yara da mata suka yi ta ihu suna kauce wa kifi a ɗakin Hajiya, Alhaji na falonsa yana jin karatu. Kowa ya ce rigimar tsufa ce, ba wanda ya kalli idonsa.

Ni ne na biya. Nasiru bai yi da mugunta ba, amma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin tsohon da ya ce wutar Kalgo ba ta ɗaukar wayar haske. Abokansa na jami'a suka ji, suka yi dariya, suka faɗa wa wasu. Lokacin ne ake ta haɗa gidajen malamai da ofisoshi, aikin da na sa rai zan yi rufin shago da shi. Duk aka kwashe aka ba wani matashi daga Birnin Kebbi mai jaka mai ƙyalli, wanda ke barin wayoyi a ƙasa kamar taliya. Aka sa min suna Mamman Ba-ya-yiwuwa. In na sauka a tashar Kalgo, 'yan acaɓa na kira, "Baba, yau yana yiwuwa?" Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Mutum ya yi shekaru yana gina suna, a rushe shi da abin da ya fi kowa sani.

Shekarar nan na koma gyaran fanka da tocila da dutsen guga. Wanda bai guje ni ba sai Malam Bitrus, wani malamin makaranta mutumin Zuru, da ya ci gaba da kirana in duba sifikun cocinsu, yana cewa shi kunnensa ya sani, ba ruwansa da surutun gari. Sau da yawa maganar ta zo min har maƙogwaro, musamman in na ga an kira yaron Birnin Kebbi a gabana. Sai in ga a-kori-kurar Alhaji ta wuce da hantsi, da ƙaton madubina a gefe, yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, yana juya kai gaba ɗaya a kowace mahaɗa. Sai in haɗiye. Shi kuwa bai sake ɗaga zancen ba ko sau ɗaya. In na je gidan, gefen damansa kawai yake nuna min in zauna.

Tiri-di fa? Bai yi ƙarko ba. Batiran tabarau suka mutu, faifai ya yi wuyar samu, masu kallo suka ce yana sa ciwon kai, kamfanonin ma suka daina ƙerawa. Na ga tabaran gidan Alhaji a fuskar jikokinsa suna wasan 'yan sanda a lungu. Abin da aka kira ni jahili a kansa ke nan. Aiki ya dawo min sannu a hankali, don wayoyin taliya ba sa daɗewa, amma sunan bai goge ba. Har yau akwai masu kirana da shi, wataƙila iyayenku ne.

Alhaji ya yi shekaru yana tuƙa kansa, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ciwon ajalinsa a gona ya kama shi, tsakanin kunyoyin shinkafa, yana cikin faɗa da mai ban ruwa. Makulli na aljihunsa aka kai shi asibiti.

Bayan an share makoki sai ga Nasiru a ƙofar shagon nan, shi ma furfura ta fara fito masa. Ya buɗe bayan mota ya rungumo amfilifayar da kansa, ya ɗora a kan teburina. Ya ce Baba ya bar wasiyya a kawo min. Na yi masa gaisuwa, ya amsa, amma bai tafi ba. Ya juya bayanta ya nuna min. Wayar haske na nan a naɗe yadda na cusa ta, ƙura ta rufe ta, bakinta ɗaya a raminsa.

"Ba wanda ya taɓa leƙa bayanta sai jiya," ya ce. "A asibiti likita ya ce idon Baba na hagu ya yi shekaru da mutuwa. Mun ce ƙarya ne." Ya ɗago ya dube ni. "Baba Mamman, ka haɗa ta yi aiki ranar nan, ko?"

Na ce, "Kifin ya kusa cizon hancina."

Ya zauna a kan bencin da kuke zama kuna min dariya, ya rufe fuska da hula. Can ya ce, da sun sani da sun kai shi asibiti, da sun kula da shi, da sun ɗauke masa wahalar gona.

Na ce, "Shi ya sa ba ku sani ba."

Ita ce ke saman kantar nan. Wayar na nan a bayanta, ban cire ba. Wanda ya ce gawa ce, gobe ya zo da sassafe ya ɗauki tsintsiya.